Zauren Tambaya da Amsa: Tsakanin masunci da mai bincike, wa ya fi sanin halin kifi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon akwatin saƙonmu ƙarnin kifi kawai yake, sai daga bakin ruwa ake ta turowa, Bilanguwa, Kusiri, Yagwa, Lagdo, harda wani ɗalibi daga Marwa. Na tsinci guda biyar na haɗa su waje ɗaya tunda duk magana ɗaya suke zagayawa. Masu tambaya kan kuɗin lekol da takardar haihuwa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya daga wani matashi ɗan masunta, Bilanguwa:

Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Babana tun yana yaro yake su a bakin kogin Shari har cikin tafkin Chadi, ni kuma na ɗan taɓa lekol. Kwanaki wasu mutane suka zo da mota da takardu wai masu bincike ne, suna ta tambayar tsofaffi ina kifi yake ƙwai, wane wata yake hawa wane wata yake sauka, Baba yace shi kam ba zai faɗa musu komai ba, wai mutumin da ko filafili bai iya riƙewa ba me zai gane, kuma gobe da bakinka za'a zo a hana ka wurin. Ni wlh kunya ta kama ni. Shin da gaske akwai inda masu boko suke ɗaukar maganar masunci da daraja ko dai takarda kawai suke cikewa su karɓi kuɗinsu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka daina jin kunyar Baba tukuna, tsoron nan nasa ba na banza bane kuma zan dawo kansa. Amma amsar tambayarka eh akwai, kuma ba tausayin masunta ne yasa suke yi ba, wuya ce ta koya musu.

Akwai wani masanin halittun teku mai suna Robert Johannes da ya je tsibiran Palau can cikin tekun Fasifik a tsakiyar shekarun 1970, ya zauna cikin masunta fiye da shekara, yana bin su cikin jirgi dare da rana yana tambaya yana rubutawa. Mutanen nan zasu ce maka kifi kaza yana taruwa a bakin mashiga kaza, a wata kaza, kwana kaza bayan tsayuwar wata, ya zuba ƙwai ya watse sai kuma wani watan. Shi kuma bai tsaya a ji kawai ba, sai ya jira ranar da suka faɗa ya je wurin ya nutsa ya duba da idonsa, ya tarar da kifin maƙil kaman yadda aka ce. A littafin da ya fitar a 1981 ya nuna cewa irin kifayen da masuntan wurin suka san suna bin lissafin wata wajen yin ƙwai sun ninka abinda masanan duk duniya suka rubuta a lokacin. Tsibirai ne ƙanana fa. Kuma su ma suna da al'adar da sarakunansu ke rufe wuri a hana su in kifi ya zo ƙwai, tun kafin wani ya zo musu da doka a takarda.

Inda aka ƙi jin maganar masunta kuma, je ka tambayi mutanen gabashin Kanada. Akwai wani kifi da ake ce wa kod, shekaru ɗaruruwa shine abincinsu shine kuɗinsu. Tun tsakiyar shekarun 1980 masu ƙananan jirage na bakin gaɓa suke ta kuka, kifin yana ƙanƙancewa, baya zuwa inda ya saba zuwa, sai mun ƙara raga mun ƙara nisa kafin mu samu abinda muke samu da. Lissafin hukuma kuma yana cewa lafiya lau, saboda wani ɓangare babba na lissafin daga manyan jirage yake fitowa, su kuma suna da na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, duk inda sauran garken ya taru sai su je su kwashe, kullum jirgi cike. Kaman mutum ne ya shiga kasuwa ranar cinta ya ga cunkoso yace ai ƙasar nan cike take da jama'a, alhali ƙauyukan kewaye duk sun watse, ɗan abinda ya rage ne ya taru waje ɗaya. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun kifin gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗewa, shima ɗan kaɗan. Shekara 32 kenan. Masanan nan ba jahilai bane, ma'auninsu ne yake kallon wuri ɗaya, masunta kuma suna kallon wani wurin da ma'aunin baya kaiwa.

Wanda ni ya fi burge ni shine na Barazil, don ya fi kama da namu. A kogin Amazon akwai wani ƙaton kifi pirarucu, ɗan uwan bargin nan namu ne na jini, sai dai shi yana haura mita biyu. Dole ne ya leƙo sama ya shaƙi iska duk bayan minti 15 zuwa 20. Masuntan yankin Mamirawa suka ce su suna iya ƙirga shi daga leƙowar nan, har su bambance babba da ƙarami, su gane wannan shine ya leƙo ɗazu ko wani ne daban, daga ƙarar ruwan da yadda ya juya. Kowa zai ce cika baki ne. Sai wani mai bincike Leandro Castello ya gwada su, ya sa suka ƙirga ta hanyarsu, shi kuma ya ƙirga ta hanyar boko wato a kama a sa alama a saki a sake kamawa, lissafi biyun suka zo kusan ɗaya, ya buga sakamakon a 2004. Yau da ƙirgar masunta ake yanke adadin da za'a kama duk shekara, bai wuce kashi 30 cikin ɗari na manyan da aka ƙirga ba, kuma kifin da ya kusa ƙarewa ya dawo.

To yanzu maganar Baba. Ilimin inda kifi yake ƙwai dukiya ce, kuma makami ne. A tekun Karibiyan akwai wuraren taruwar kifi da aka share su tas bayan labarinsu ya bazu masu injin suka samu hanya. Kuma gaskiya ne akwai masu binciken da suke zuwa su kwashi magana su tafi ko sallama babu, sai dai kaji an yanke hukunci a ofis. Don haka in sun dawo kar Baba ya kore su kuma kar ya zazzage musu cikinsa. A zauna gaban sarkin ruwa ko shugaban ƙungiyarku, a tambaye su wa ya aiko ku, me za'a yi da maganar, yaushe zaku dawo ku karanta mana abinda kuka rubuta da yaren da muke ji. Lokacin hawa da saukar kifi wannan a faɗa musu, amfanin kowa ne. Takamaiman gurbi kuwa, ramin da Baba ya gada wajen nasa uban, yana da haƙƙin ya riƙe abinsa ko yace kar a sa a taswira. Mai binciken kirki ba zai ji haushi ba. Kai kuma da ka iya rubutu, kaine ya kamata ka riƙa rubuta abinda Baba ya sani tun yana da rai.

Tambaya daga wata Hajiya mai sana'ar banda, Kusiri:

Malam barka da aiki. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta tana bamu labari wai da can salanga, busasshen kifin nan, har rasa inda za'a shanya ta ake, buhu buhu ake lodi. Ni tunda na tashi a sana'ar nan tarwaɗa da karfasa ne suka fi yawa sai bargi. Masu kawo mana kifi wani yace ruwa ne ya gudu, wani yace baraj ne, wani yace zunubin mutane ne. Wanne ne gaskiya?

Amsa:

Amin Hajiya, Allah ya kai rahama kabarinta. Na zunubi dai na bar wa malamai, sauran biyun kuma duk suna da gaskiya, harda na uku da basu faɗa miki ba don ya shafe su.

Abinda mahaifiyarki ta gani a rubuce yake. Tun Injamena tana Fort-Lamy akwai masu binciken Faransa na cibiyar ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, da suka yi shekaru suna bin kifin Shari da Logon da tafki, ɗayansu Jacques Blache ya fitar da littafi kan kifayen yankin a 1964, shekarar da aka kafa hukumar tafkin Chadi. Abinda suka tabbatar masuntan Kotoko sun riga sun san shi don dashi suke tsara shekararsu. Kifin da ake shanyawa ya zama salanga matafiyi ne, manyan suna barin tafki su hau kogi, su yi ƙwai wajen Agusta da Satumba lokacin da ruwa ke cika, ƴaƴan su bazu cikin fadamar Logon da ake ce wa yayre su ci su yi ƙiba cikin ciyawa, in ruwa ya fara janyewa wajen Nuwamba su gangaro, da yawansu ta kogin El Beid, su koma tafki. Kinga kenan rayuwarsa tana bukatar abu uku a jere, tafki mai fili, kogi, da fadama mai ambaliya. Ɗaya ya yanke, zance ya lalace.

To duka an taɓa su. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 da 1973 ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu, na 1984 ya ƙara tsuke shi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga tafkin daga Shari da Logon yake zuwa, in sun yi rauni shikenan. Buɗaɗɗen ruwa ya koma fadama mai ciyawa, irin ruwan nan iskar oksijin tana ƙaranci a cikinsa, kifi mai son sarari ya kasa, sai masu taurin rai suka gaje wurin, tarwaɗa da bargi da suke iya shaƙar iska daga sama, da karfasa mai haƙuri. Shine abinda kike gani a kan wayar bandarki. Sannan a 1979 aka gina baraj ɗin Maga don noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY tare da shingen ƙasa a gefen Logon, ruwan da ke malala cikin yayre ya ragu sosai. Da aka buɗe wata tsohuwar mashiga a 1994 ƙarƙashin shirin Waza-Logon, wajen murabba'in kilomita 200 suka sake samun ambaliya, ciyawa ta dawo kifi ya dawo, wannan kaɗai ya isa shaida.

Na ukun da ba'a faɗa miki ba shine raga. Tun kafin fari, da kallin nailan, wato ragar da kifi ke maƙalewa a idonta, ya shigo a shekarun 1960 aka riƙa rage idonsa, kamun manya ya fara ja baya. Yau kuma ga dumba, wato a jera tarkon kifi da ake ce wa gura a tare hanya, ga dubban kanal da aka haƙa cikin yayre suna tace ruwa harda ƴaƴan kifi lokacin janyewa, ga masu su da gidan sauro. Tsoho zai gaya miki ranar da kifi zai sauko bai kuskure ba, amma nawa ne suka isa tafki cikin waɗanda suka taso, wannan ba mai gani daga jirginsa, sai an zauna an ƙirga a wurare da yawa lokaci ɗaya. Kuma tafkin bai mutu ba kaman yadda ake yayatawa, ke da kike Kusiri kin ga ruwan 2022 da na 2024 da idonki, ki tambayi masu kawo miki kaya yadda kamun shekarar da ta biyo baya ya kasance.

Tambaya daga wani malamin firamare, Yagwa:

Yara sun tsare ni a aji, wai da gaske gaiwa tana cin jikinta? Kuma wai karfasa ta baki take haihuwa?

Amsa:

Malam ka gaya musu kakanninsu sun yi gaskiya a ta farko. In ruwa ya ƙafe gaiwa tana shigewa cikin laka ta naɗe, yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar ƴar ƙofa ta numfashi don huhu gareta, ta yi watanni a haka ba ci ba sha. Ba wai tana gatsar wutsiyarta bane, jikin ne yake narkar da tsokarsa a hankali yana rayuwa da ita, shi yasa take fitowa a rame. Karfasa kuma ƙwai take yi a ɗan ramin da namiji ya share a ƙasan ruwa, sai uwar ta kwashe a baki ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ko bayan sun fito in suka ji tsoro bakin nata suke komawa. Wanda ya buɗe bakinta ya ga ƴaƴa idonsa bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta ɗan kauce.

Ka ƙara musu da wannan su je gida dashi. Yauni yana gina sheƙa mai yawo cikin ciyawa ya tsaya gadi, duk masunci ya san ba'a kai hannu wurin. Ya kuma san yana iyo da baya kaman yadda yake yi da gaba bai bugi komai ba ko cikin ruwan laka. Dalilin ne ba'a sani ba sai 1951 da Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya gano kifin yana fitar da ƴar wutar lantarki mara ƙarfi da yake laluben hanya da ita, ba irin ta minjirya mai girgiza mutum ba.

Tambaya daga wani masunci, Lagdo:

Malam ni ban yi boko ba ɗana ne yake rubuta min. Duk shekara ana rufe mana ruwa daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Satumba wai kifi yana hutu. Shin kifi ya san kalanda ne? Wata shekara ruwa ya zo da wuri tarwaɗa ta gama ƙwai tun kafin a rufe, wata shekara a buɗe muna kama ta da ciki. Kuma wata uku me zamu ci? Ai kifi na Allah ne baya ƙarewa.

Amsa:

Baba ina gaisuwa, a gaida ɗan naka mai rubutu. Rabin maganarka na karɓa hannu biyu, rabin kuma da girmanka zan musa.

Kifi bai san kalanda ba wannan haka yake. Tarwaɗa tashin ruwa take bi, sabon ruwa ya hau kan ciyawa ta bi shi cikin dare ta zuba ƙwai, bargi ya share da'irarsa cikin ciyawa, karfasa ita kuma in da ɗumi ba sau ɗaya take yi a shekara ba. Wata ukun nan dai ba'a ka aka tsince su ba, sune lokacin da Binuwai ke cika baraj ɗin tunda aka gama shi a 1982, mafi yawan kifi a nan yake hayayyafa. Amma shekara bata kama da shekara, kuma wanda ya fi kowa sanin bambancin kune. Matsalar itace sanin naku a baki yake, in ka je taro kace bana tarwaɗa ta riga lokaci, wani zai ce son su ne yake sa ka faɗi haka. To ku mayar dashi abinda ba'a musawa. Littafi ɗaya a kowace tashar jirage, sanda ɗaya mai zane a kafa a bakin ruwa, kullum yaro ɗaya ya rubuta kwanan wata na boko da na sama, ina ruwa ya kai a jikin sanda, cikin tarwaɗa ashirin da aka feɗe nawa ke da ƙwai. Ku yi haka shekara uku ku ɗauka ku kai teburin hukuma, ku ce ga abinda ruwa yace, a duba ko ranar rufewa da buɗewa zata riƙa motsi, ko wasu lungunan da kifi ke ƙwai a rufe su fiye da sauran. Ban ce za'a amsa muku rana ɗaya ba, amma mai littafi da mai ihu ba ɗaya bane a wajen taro.

Inda zan musa kuwa, kifi na Allah ne, shanu ma na Allah ne, amma ba makiyayin da zai yanka masu ciki yace garke baya ƙarewa. Kuma rufe ruwa ba baƙon abu bane a wajenmu, sarakunan ruwa na da suna hana taɓa tafki sai ranar su na gayya, a Argungu har yau gurbin Matan Fada a rufe yake sai lokacin biki. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, giwan ruwan da kake kamawa yanzu ya kai na shekara ashirin baya? Idon kallinka yatsa nawa ne da, yanzu nawa ne? Amsar tana wajenka ba wajena ba. Haka masu cewa kifi daga sama yake faɗowa da ruwan farko, sun ga tarwaɗa a gona ne da gaske, amma jan ciki ta yi ta bi danshi, ba daga gajimare ta sauko ba.

Maganar me za'a ci ita kam babba ce kuma duk dokar da bata dube ta ba da dare za'a riƙa karya ta, kifi na ganinka mai jar koma, kowa ya san kowa. Masu gona suna komawa gona tunda damina ce, marasa ƙasa su ne abin tausayi, nan ne adashin ƙungiya lokacin da kasuwa ke ci yake da rana.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a, Marwa:

Malam ina shekarar ƙarshe, malamina ya haɗa ni da wani aiki a Kiribi kan halin kifin bakin teku da abinda masunta suka sani. Ni ɗan arewa ne ko teku ban taɓa gani ba. Ta ina zan fara, kuma yaya zan gane maganar da zan yarda da ita?

Amsa:

Ƙanena Allah ya bada sa'a. Abu na farko da zai ruɗe ka, mu nan ruwanmu sau ɗaya yake cika ya janye a shekara, can sau biyu a rana, kuma cikar tana ƙaruwa lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Don haka duk maganar da masunci zai maka ka tambaye shi abu uku, wane lokacin shekara, kwana nawa ga wata, ruwa yana hawa ne ko yana sauka. In ba haka ba zaka ga mutum biyu sun baka amsa biyu kace ɗaya ƙarya yake, alhali kowa da sa'ar da yake fita. Kifin da zaka fi ji shine bonga, wanda yake shiga bakin koguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, mata su yi bandarsa.

Kar ka fara da takardar tambayoyi. Ka yi kwanaki kana zama inda ake sauke kifi, ka ja igiya in ana ja, ka bari su gaji da kallonka. Ka nemi waɗanda masuntan da kansu suke cewa wane ya san ruwa, ba wanda ya fi iya Faransanci ba, don mai bakin yakan riga mai sanin zuwa gaban baƙo. Ka tambaye su ɗaya ɗaya kowa shi kaɗai, abinda mutum goma da basu zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya yana da nauyi. Ka tafi da hotuna ko kifin kansa, saboda suna ɗaya yakan rufe kifi iri uku, kifi ɗaya kuma ya samu suna daban yana ƙarami daban ya girma. Kuma dan Allah kar ka tsallake mata, su suke feɗe kifi kullum, su suka fara ganin ƙwai da kitse da abinda ya ci, amma yawancin masu bincike a wajen maza suke ƙarewa.

A littafinka ka raba shafi biyu, me ya gani da kuma me yake ganin ya jawo. Na farkon da wuya masunci ya kuskure, na biyun shine aikinka. In yace kifin nan jatan lande yake ci, ka buɗe ciki hamsin ka duba. In yace wata kaza yake ƙwai, ka auna ƙwan duk wata. In yace shekara biyu yake girma, akwai ɗan dutse a cikin kan kifi mai zobe zobe da ake karanta shekaru dashi a madubin ƙara girma. Masu kuɗi har ƴar na'ura suke dasa wa kifi mai fitar da sauti su jera masu sauraro a ƙarƙashin ruwa, amma ko su sai sun tambayi masunci ina za'a jera, in ba haka ba su zuba miliyoyi inda kifi baya bi. In sakamakonka ya saɓa da nasu kar ka yi saurin cewa camfi ne, ka koma ka tambaya, sau da yawa kai ka auna da rana su kuma da dare suke magana. Wani abin ma zakaji kaman tatsuniya, a Muritaniya a da masuntan Imragen suna dukan ruwa wasu dabbobin teku da ake ce wa dolfin su koro musu kifi, a garin Laguna na Barazil dolfin ne ke ba masu birgi, wato ragar jifa, alamar lokacin jefawa, duka biyun masana sun je sun gani.

Ka haɗa tsofaffi da matasa a tambayar, don kowa yana ɗaukar abinda ya tarar yana yaro shine cikar teku, wani masanin harkar kamun kifi Daniel Pauly ya yi rubutu kan wannan tun 1995, saurayi zai ce maka kifi lafiya lau tsoho yace ai ya ƙare, duka ka rubuta da shekarunsu. Akwai kuma ƙungiyar AMMCO mai kare dabbobin ruwa a nan Kamaru da take ba masuntan bakin teku manhajar waya mai suna SIREN suna ɗaukar hoton abinda suka gani a ruwa suna turawa, ka neme su kaji yadda suke yi. Ka ware kuɗin mai in zaka bi jirgin mutum, ka nemi izininsa kafin ka ɗauki murya ko hoto, kuma ka saka kuɗin motar komawa Kiribi cikin lissafinka tun yanzu, don bayan ka kare aikin gaban malamai sai ka koma ka karanta musu abinda ka rubuta su gyara maka inda ka ji ba daidai ba.